Amsar Kawu kan rigar dodo da fuskar shiga mutane

Hadiza 'yata,

Saƙonki ya same ni bayan isha'i, sai da na lalubo tabarau. Kin ce a jami'a an koya muku zancen Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa na ƙasar Suwizalan, wanda ya ce kowa yana da fuskar da yake sawa in zai shiga mutane, ya sa mata suna persona. Shi ne kike tambaya ko sunkuyar da kai gaban manya da kunyar surukai duk rigar dodo ce, wato munafunci da muka yi wa ado da sunan al'ada.

Baturen nan, da ya rasu a 1961, aron kalmar ya yi daga Latin, sunan abin rufe fuska ne na 'yan wasan kwaikwayon Rumawa. Mu kuwa a Jos ba sai mun je Rum ba. Na taso ina ganin dodannin maƙwabtanmu, irin su Jankai, suna fitowa bayan girbi, an rufe mutum ruf har ba ka ganin ko ɗan yatsansa. Wasu dodannin ma muryarsu kawai ake ji cikin dare, ta cikin kara da aka like bakinsa da yanar gizo-gizo don murya ta sauya. Mu Musulmi ba ma wannan tsafi, kin sani, amma wanda ya zauna da mutane ya kamata ya fahimci abin da suke yi. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya taɓa gaya mini cewa tsofaffin matan garinsu sukan gane mai rigar tun daga takunsa, wata ma ita ta haife shi, amma ba mai buɗe baki. Ba ruɗarsu aka yi ba. Sun yarda ne cewa muddin rigar na jikinsa, ba ɗan wance ne ke magana ba, kakanni ne, don haka yana iya tsawata wa wanda a ranar kasuwa ba zai iya haɗa ido da shi ba. In an gama, a koma bayan dutse ya tuɓe, gobe ki gan shi a gonar acca da fartanya.

Namu na gida ma akwai. Ki tuna tashe, daga goma ga azumi: yaro ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki ya zama malami mai tumbi, malamin gaske na zaune yana dariya har ya ba shi sadaka. Ranar da ba tashe ba, ya gwada ya gani. Ko ki dubi sarki da amawali ya rufe masa baki. Sa'ad da ya naɗa rawanin nan, ƙanin mahaifinsa ma faɗuwa yake ya yi gaisuwa.

Kunya ita ma haka take. Kakarki, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. "Wannan yaron" take cewa, ina da furfura. Amma in zan koma makarantar kwana, sai in tarar da ƙuli-ƙuli da garin rogo a ƙasan akwatina, ba ta ce ita ta sa ba, ni ma ban tambaya ba. Munafuki yana ɓoye abu ne don ya cuce ki. Ita wa ta cuta? Duk unguwa an san abin da ke bayan kawaicin.

Inda na ba Jung gaskiya shi ne gargaɗinsa cewa mutum kan manne da fuskar har ya ɗauka ita ce shi. Wannan na ɗanɗana. Shekarun da na yi ina hedimasta, da fuskar ofis nake shiga gida. Yaran gidan nan, har da babban yayanki, in suka ji ƙarar Vespa ɗina sai tsakar gida ta yi tsit, mai dariya ya haɗiye abarsa, ni kuma ina jin daɗi wai tarbiyya ce. Wata rana matata ta tare ni a zaure, ta karɓi jakata, ta ce cikin sanyin murya, "Malam, a bar hedimasta a nan, mu maigida muke jira." Na yi kwana biyu ina fushi. Da na yi ritaya, gaisuwar hanya ta ragu, na rasa yadda ake zama da mutane ba tare da ba da umarni ba, sai da jikoki suka koya mini, su da ba ruwansu da muƙamin kowa, gemuna suke ja.

Don haka ki ci gaba da durƙusa wa gwaggonninki, ba ƙarya kike yi ba. Ki dai tabbata akwai mutum biyu ko uku da kike tuɓe rigar a gabansu.

Ranar Asabar in ba ki da lacca, ki biyo mu je gidan tarihi, wanda Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, ya buɗe a 1952, ki ga kawunan mutum-mutumin yumɓu na mutanen Nok na dā da idonki maimakon a waya. Ki taho da rigar sanyi, hunturun bana ba sauƙi. Ki gaida mamanki.

Kawunki