Musan fim da Musan Littafin Fitowa: a ina suka rabu?

Tambaya: Ni malamar makarantar Lahadi ce a wata majami'a a Jos. A hutun Ista da ya wuce na nuna wa yaran ajina tsohon fim ɗin nan na Musa mai suna The Ten Commandments, wato Dokoki Goma. Da muka gama, wata yarinya ta ce in nuna mata ayar da ke maganar gimbiyar da take son Musa. Na duba Littafin Fitowa ciki da bai, ban same ta ba. Shin a cikin mutanen fim ɗin, waɗanne ne na Littafi, waɗanne ne na masu fim? Kuma ya dace in ci gaba da nuna shi?

Amsa: Malama, yarinyar nan ta yi tambayar da ta dace, kuma ba laifin idonki ba ne da ba ki sami ayar ba, domin babu ita. Gimbiya Nefretiri, wadda Anne Baxter ta fito a matsayinta, ba ta cikin Littafi Mai Tsarki. An ɗauko sunanta daga Nefertari, matar Fir'auna Ramses na Biyu a tarihin Masar, aka ɗora mata son Musa da kishi da kisan kai domin labarin ya sami wuta. Sai dai a ganina ba ita ce babbar matsalar fim ɗin ba, kuma zan bayyana dalili.

Ya kamata a fara sanin abin da ya tilasta wa masu fim yin ƙari. Littafin Fitowa yana da tsimin magana ƙwarai a kan ƙuruciyar Musa. A sura ta 2, aya ta 10 tana faɗin cewa 'yar Fir'auna ta ɗauke shi ya zama ɗanta, aya ta 11 kuma ta buɗe da cewa ya riga ya girma, ya fita wurin 'yan'uwansa. Istifanas, a Ayyukan Manzanni sura ta 7, ya ce shekararsa 40 a lokacin. Ke nan shekaru da dama sun wuce tsakanin ayoyi biyu, alhali fim ɗin da Cecil B. DeMille ya fitar a 1956 yana ɗaukar kusan sa'a 3 da minti 40, kuma babban kaso na farkonsa a fadar Masar yake. DeMille bai ɓoye wannan ba. Shi da kansa yake fitowa gaban labule kafin a fara, yana cewa ya cike giɓin da rubuce-rubucen mutanen dā irin su Filo na Iskandariya da Josefus, Bayahuden masanin tarihi na ƙarni na farko. Daga Josefus aka samo Musa a matsayin sarkin yaƙin da ya ci Habasha, wanda shi ne yadda muka fara ganinsa yana babba a fim ɗin. Sunan Bitiya da aka ba 'yar Fir'auna yana cikin 1 Tarihi 4:18, kuma al'adar malaman Yahudawa ce ta haɗa ta da wadda ta tsamo jaririn daga kogi. Shi kuwa Fir'auna, Littafin Fitowa bai faɗi sunansa ba ko sau ɗaya. Abin da ya ambata shi ne biranen ajiya biyu da bayi suka gina, Fitom da Ra'amses, kuma daga sunan na biyun ne mutane da yawa suka karkata ga Ramses na Biyu, wanda ya yi mulki daga wajen shekara ta 1279 zuwa ta 1213 kafin haihuwar Almasihu. Wannan hasashe ne na masana, ba nassi ba.

Ƙari irin wannan yana da sauƙin ganewa, shi ya sa har yarinya ta kama shi. Abin da ya fi wuyar kamawa shi ne ragi, kuma a jikin Musa kansa aka yi shi. An ce DeMille ya zaɓi Charlton Heston ne saboda kamannin da ya gani tsakaninsa da mutum-mutumin Musa da Michelangelo ya sassaƙa, wanda ke wata majami'a a Roma. Heston dogo ne, ƙaƙƙarfa, mai murya kamar tsawa, kuma bai fi shekara 33 ba lokacin da fim ɗin ya fito. Musan Littafi kuwa shekararsa 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna, Haruna yana da 83, kamar yadda Fitowa 7:7 ta faɗa. Amma ba a shekaru kaɗai suka rabu ba. A sura ta 3 da ta 4, mutumin da Allah ya kira daga cikin kurmi mai cin wuta ya yi ta kawo uzuri ɗaya bayan ɗaya: wane ne shi da zai je, me zai ce idan aka tambaye shi sunan wanda ya aiko shi, idan kuma ba su gaskata ba fa, ga shi bakinsa da harshensa suna da nauyi. A ƙarshe ya roƙa a aiki wani dabam, har Ubangiji ya husata, ya ba shi Haruna ya zama bakinsa. Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce babu mai tawali'u irinsa a duniya. Wannan mutum mai ɗari-ɗari da nauyin harshe kusan ya ɓace a fim ɗin, aka bar mu da gwanin jawabi wanda tun yana fada ya riga ya fi kowa kyau da hikima da adalci. Adalci ne a ce masu fim suna da abin kamawa, tunda Istifanas ya ce Musa ya koyi dukan hikimar Masarawa, mai iko ne a magana da aiki. Duk da haka, ginin labarin Fitowa ya tsaya ne a kan cewa wanda aka aika ba ya ganin kansa ya isa. Idan aka cire wannan, mai kallo zai tashi yana mamakin Musa, alhali nassin yana so ya yi mamakin wanda ya aike shi.

Haka aka wanke shi a batun kisan Bamasaren. A Fitowa 2:12 Musa ya waiwaya nan da can, ya ga ba kowa, ya kashe mutumin, ya turbuɗe shi a rairayi, kashegari kuma da ya ji maganar ta fita sai tsoro ya kama shi. A fim ɗin an ba wanda aka kashe suna, Baka, an mai da shi babban magini azzalumi mai kwashe 'yan matan bayi, kuma Musa ya kashe shi ne yana ƙoƙarin ceton Joshuwa daga bulalarsa. Kafin hannun Musa ya kai wuyansa, mai kallo ya riga ya yanke masa hukunci.

Inda na fi son ki sa ido shi ne a kan Haruna da Datan. Kowane fim irin wannan yana bukatar mugun da masu kallo za su tsana, wanda 'yan kallon fim a ƙasar Hausa suke kira bos, kuma bayan an ƙetare Bahar Maliya Fir'auna ya fita daga labarin. Saboda haka aka ɗauko Datan, wanda Edward G. Robinson ya taka rawarsa, aka jingina masa kowane cin amana tun daga Masar. Datan yana cikin Littafi, amma wurinsa shi ne Littafin Ƙidaya sura ta 16, inda shi da Abiram da Kora suka tayar wa Musa, ƙasa ta buɗe ta haɗiye su. Ba a ambace shi a labarin ɗan maraƙin zinariya ba. A Fitowa 32 jama'a ne suka taru a kan Haruna, shi ya ce a kawo 'yan kunnen zinariya, shi ya ƙera maraƙin, ya gina masa bagade, kuma da Musa ya tuhume shi sai ya ce ya dai jefa zinariyar a wuta, maraƙin ya fito. Fim ɗin ya haɗe surorin biyu wuri guda: Datan ne ya zuga mutane, Haruna ya yi aikin bisa tilas, Musa ya jefi maraƙin da allunan dutse, ƙasa ta tsage ta tafi da masu laifi. Nassin ya ɗora laifin a kan ɗan'uwan annabin kuma babban firist na farko, tare da jama'a duka, fim ɗin kuwa ya tattara shi a kan maci amana guda, abin da ya fi daɗin kallo amma ya rage nauyin abin da aka rubuta.

Ramses, Fir'aunan fim ɗin da Yul Brynner ya taka rawarsa, shi ma an sauƙaƙa dalilansa. Littafi yana cewa a wani wuri Fir'auna ya taurare zuciyarsa, a wani wurin kuma Ubangiji ne ya taurare ta, magana mai wuya da malaman tauhidi suka daɗe suna tattaunawa a kai. A fim ɗin gorin Nefretiri da tsohuwar gaba tsakanin maza biyu da suka tashi gida ɗaya su ne suke ingiza shi. Har annoba ta ƙarshe ma an sa ta fito daga bakinsa, domin shi ya fara ba da umarnin kashe 'ya'yan farin Ibraniyawa, hukuncin ya juyo kansa. Akwai kuma siyasar zamani a ciki. An yi fim ɗin a Amurka a tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, kuma a jawabinsa na buɗewa DeMille ya gabatar da labarin a matsayin zaɓi tsakanin bin dokar Allah da bin son ran mai mulkin kama-karya.

Idan kika kwatanta da fim ɗin katun na 1998, The Prince of Egypt, za ki ga an sake zana mutanen ta wata fuskar. A can Musa da Ramses 'yan'uwa ne masu ƙaunar juna da gaske, kisan Bamasaren ya zama tsautsayi, Haruna ya zama mai shakka, Maryamu yayar Musa da Ziffora matarsa suka sami ƙarfin murya. Wadda ta tsamo jaririn kuma matar Fir'auna ce, ba 'yarsa ba, wanda ya yi kusa da yadda labarin ya zo a Suratul Ƙasas ta Alƙur'ani. Tunda yaranki suna zaune da maƙwabta Musulmi, yana da kyau su san cewa malaman Musulunci da yawa ba su yarda a fito da annabi a fim ba ko kaɗan, shi ya sa aka hana nuna wannan katun ɗin a Malesiya.

Game da tambayarki ta ƙarshe, ban ga dalilin da zai sa ki daina nuna shi ba, muddin nassi ne ya riga fim shiga kan yaran, domin fuskar da yaro ya fara gani ita yake ɗorawa a kan duk abin da zai karanta daga baya. Ki karanta musu Fitowa sura ta 2 zuwa ta 4 da kuma ta 32 kafin a kunna, ki raba kallon gida biyu saboda tsawonsa, sannan ki ba su aikin gano wanda ya ƙera maraƙin a takarda da wanda aka ɗora wa laifin a majigi. Ita kuma yarinyar da ta nemi ayar gimbiya, ki nuna mata matan da suke cikin surori biyun farko da gaske: ungozoman nan Shifra da Fu'a da suka ƙi bin umarnin sarki, da uwar da ta shafe kwando da kwalta, da yayar da ta tsaya daga nesa tana kallon bakin kogi.