Amsa ga maijego kan ɗora jariri a ƙirji bayan aikin zuciya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah Ya ba yaron lafiya. Kin tambaya ko kwantar da shi a ƙirjinki, fata da fata, zai taɓa ɗinkin aikin zuciyar da aka yi masa.

Da zarar likita ya amince, ki fara. Ɗumin jikinki yana riƙe masa zafin jiki, bugun zuciyarsa da numfashinsa su daidaita, kuka ya ragu, ke kuma nononki ya ƙaru. A Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978, don bakwaini.

Ɗan ƙanwata a nan Kawo, lokacin hunturu aka yi masa nasa. Ranar da aka fara ɗora mata shi, nas biyu ne suka riƙe wayoyi da robobin jikinsa, suka kwantar mata da shi a ƙirji ta gefensa, hula a kansa, zani ya lulluɓe su biyun. Minti kaɗan sai barci. Ita kuwa hawaye kawai take yi.

Amma don Allah kada ki ɗaga shi ta hammata har kusan mako 6, ƙashin ƙirjin bai gama haɗewa ba. Hannu ɗaya a ƙeya, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu. Babansa ma ya karɓe ki in kin gaji.