Amsa kan ƙaninka mai son aikin kwamfuta a Saudiyya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ƙaninka ya gama karatun kwamfuta a Kano, kana tambaya ko alƙaluman gwamnati sun nuna baƙo zai samu aiki a nan.

Hukumar ƙididdiga ta GASTAT tana fitar da rahoton ƙwadago duk bayan wata uku. Amma rashin aikin yi da jaridu ke yayatawa, wanda ya sauka zuwa kashi 7 cikin ɗari a ƙarshen 2024, na 'yan ƙasa ne kaɗai. Bai shafi irinmu baƙi masu iƙama (takardar izinin zama) ba.

Abin da ya shafe shi tsarin Nitaƙat ne, da aka fara a 2011, wanda ke tilasta wa kamfanoni ɗaukar wani kaso na 'yan ƙasa aiki. Tun 2021 kuma, kamfanin da ke da ma'aikata biyar ko fiye a fannin sadarwa da kwamfuta dole kashi 25 na waɗannan guraben su zama na 'yan ƙasa. Ƙananan guraben na sabon shiga su ake fara cikewa da 'yan ƙasa, shi ya sa na damu da yaranmu masu zuwa da takardar digiri kawai. A ofishinmu a Jidda na ga an ajiye takardun wani matashi mai ƙwazo, don kawai kamfanin na gab da faɗawa jan layi, wato rukunin kamfanonin da ba su cika kason 'yan ƙasa ba.

Shawarata ita ce ƙaninka ya yi shekara biyu ko uku yana aiki a gida tukuna, musamman tsaron intanet. In tayi ya zo, ya ga kwantiraginsa a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago, da idonsa, ya duba sana'ar da aka rubuta masa, kafin ya ba kowane dillali ko sisi. Don Allah kada ya shigo da bizar Umara da niyyar aiki.