An ce ƙarin da ke zuciyarta ba daji ba ne, dole sai an yi tiyata?

Tambaya: Likita, yayata 'yar shekara 44 ta fi wata shida tana haki, in ta sunkuya jiri ya kwashe ta. An yi mata hoton zuciya da ake kira eko, aka ga ƙari a zuciya, wai miksoma, amma an ce ba daji ba ne. Mijinta ya ce tunda haka ne a bar maganar tiyata, akwai mai maganin da ya yi alkawarin narkar da shi cikin kwana arba'in. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, gara da bai kwanta ba. Miksoma ba ya yaɗuwa irin na daji, amma mazauninsa ne abin tsoro. Kusan kashi 75 cikin ɗari a ɗakin sama na hagu na zuciya yake fitowa, maƙale da bangon tsakiya ta ɗan siririn wuya, yana reto. Duk bugun zuciya sai ya leƙa bawul ɗin mitral, wato ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, ya tare wa jini hanya, shi ya sa jirin ke zuwa in ta canja zama.

Sai maganar narkarwa, wadda na gaji da ji. Kullum sai an kawo mini wani da jarka a leda, an saya wajen masu lasifika a bayan mota, wai tana narkar da kowane irin ƙari, na mahaifa, na nono, yanzu har na zuciya. Babu ƙwaya, babu jiƙo, babu allurar da ke narkar da miksoma. Ko magungunan tsinka jini da mu muke rubutawa ba sa taɓa shi, domin nama ne, ba gudan jini ba. To mu ƙaddara ma mai jarkar ya yi gaskiya: in ya narke, ina zai bi? Naman nan taushi gare shi, in aka ciro shi a faranti rawa yake kamar kitse, yana marmashewa da kansa. Gutsure ɗaya ya ɓalle, jini zai ɗauke shi zuwa ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. Wasu ma ta haka aka fara gano nasu, bayan baki ya karkace. Sannan a ce iska ce, a koma wajen mai jarkar. Kwana arba'in ɗin nan caca ce da ran yayarki, ki gaya wa mijin haka, da ladabi amma ba ɓoye-ɓoye.

Maganinsa tiyata, a cire shi har gindinsa. Tun 1954 wani likitan tiyata mai suna Clarence Crafoord ya yi nasarar wannan aiki a Suwidin, kuma galibi in an cire ba ya dawowa, sai dai a riƙa duba ta da eko. Ku koma wurin likitan zuciyar makon nan ya tura ku inda ake buɗe ƙirji. Kafin lokacin, in harshenta ya sarƙe, ko hannu ya mutu, ko ta suma, a nufi asibiti nan take, ko tsakar dare ne.