Tambaya da Amsa: Aiki da na'urar ɗaure sukuru mai batir ba tare da jin rauni ba

Wasiƙun wannan fitowa duk sun taru a kan na'ura ɗaya: wadda ake ɗaure sukuru da ita, mai aiki da batir, mai bugu, wadda masu sana'a ke kira imfak direba. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Assalamu alaikum. Na sayi imfak sabuwa fil, amma da sukuru ya fara shiga katako sai ta kama ƙara kamar ana buga ƙarfe. Ko lalatacciya aka sayar mini? Kuma mene ne bambancinta da injin huda? Daga wani mai koyon kafinta.

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kwantar da hankalinka, lafiyarta lau, ƙarar nan ita ce aikinta. A cikin kanta akwai 'yar guduma mai juyawa, da uwar maƙera mai kunnuwa biyu, da sifirin. Muddin sukuru na tafiya cikin sauƙi, duk tare suke juyawa shiru. Da ya yi tauri sai gudumar ta ja baya ta matse sifirin, ta tsallake kunnuwan, ta dawo da ƙarfi ta doke su ta gefe. A yawancin masu batir na bolt 18 bugun yakan kai sau 3,000 ko fiye a minti ɗaya, ƙarfin murɗawar kuma yana tsakanin Newton-mita 150 zuwa 200, wasu ma sun wuce haka.

Injin huda yana da haƙora uku masu kama ƙarfe, yana kuma da zobe mai lambobi da ke sakin juyawa idan ɗauri ya kai inda ka saita. Imfak ba ta da wannan zoben. Bakinta rami ne mai kusurwa shida, faɗinsa rubu'in inci, wato milimita 6.35. Abin da muke so ka riƙe shi ne: idan injin huda ya cije, yakan murɗe maka hannu, ka san an kai maƙura. Imfak ba ta murɗe hannu, don haka ba ta gaya maka irin ƙarfin da take zubawa. Hannunka na jin sauƙi, alhali sukuru na gab da tsinkewa. Yatsanka a kan kunama, wato maɓallin da ake matsawa ta juya, shi ne kaɗai birkinta.

Bit ɗina, wato 'yan ƙarafan da ake sa wa a bakin imfak su kama kan sukuru, sun cika karyewa. Jiya ɗaya ya fashe, ɓarɓashinsa ya same ni a ƙasan ido. Me ke jawo haka? Daga wani kafinta.

Malam, Allah ya kiyaye gaba. Kafin komai, ka sayi tabarau na kariya mai rufe gefen ido, kuma kada ka sake taɓa kunama sai yana fuskarka. Gilashin ƙara gani ko na rana ba ya tare ƙarfe. Idan wani ɓarɓashi ya taɓa shiga ido, kada a murza, kada a ce za a ciro shi da tsinke ko maganaɗisu. A rufe idon ba tare da dannawa ba, a tafi asibiti.

Dalilin farko na karyewa shi ne irin bit ɗin. Na injin huda ƙarfensa busasshe ne, an yi shi ya yi tauri, ba ya lanƙwasa, don haka bugu na fasa shi kamar tangaran. Wanda aka yi domin imfak, in ka duba tsakiyarsa za ka ga ya tsuke kamar ƙugu. Wannan tsukakken wurin yana ɗan murɗewa da kowane bugu ya koma, shi ke shanye girgizar kafin ta kai baki. Yawanci baƙi ne, amma launi ba hujja ba ne, a karanta jikin fakitin.

Na biyu, rashin dacewar baki da kan sukuru. Akwai kawuna biyu masu kama da juna da ke ruɗin mutane: PH da PZ. Dukansu gicciye ne, amma kan PZ yana da wasu siraran layuka huɗu tsakanin manyan tsagun. Idan ka sa bit na PH2 a sukuru na PZ2 zai shiga, sai dai ba zai zauna daram ba. Da bugu ya fara sai ya riƙa tsalle yana cinye tsagar, har bakinsa ya gutsure. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora sukuru a bakin bit, ka girgiza shi da yatsa. In yana rawa, ba nasa ba ne. In kana da zaɓi, sukuru mai kan tauraro, irin T25, ya fi riƙo nesa ba kusa ba.

Na uku, riƙon na'urar. Bit da sukuru su zama a layi ɗaya, kamar sanda guda miƙaƙƙiya. Ka danna da ƙarfi daga bayan na'urar, ka fara da taɓa kunama kaɗan har zaren sukuru ya kama katako, sannan ka ƙara gudu, ka kuma sassauta tun kan sukuru bai taɓa katako ba. Ɗayan hannunka kada ya zauna kusa da sukuru ko a bayan katakon. Wani raunin da ake yawan samu da wannan na'ura shi ne bit ya zame ya caki hannun da ke riƙe da aiki. A matse katakon da kilam, hannu ya huta.

A katako mai tauri, ko kusa da bakin allo, a fara huda ɗan rami. Faɗinsa ya yi daidai da jikin sukuru ba tare da zarensa ba. Ga sukuru mai milimita 5, ramin milimita 3 zuwa 3.5 ya isa. Wannan na hana katako tsagewa, yana kuma rage wa bit wahala.

Wajen sa bit, a cire batir, ko aƙalla a mayar da maɓallin gaba da baya tsakiya, inda kunama ke kullewa. A ja zoben bakin, a tura bit, a saki zoben, sannan a jawo bit ɗin da hannu a tabbatar ya kama. Bayan dogon aiki a ba shi minti ɗaya ko biyu, don yana yin zafin da ke ƙona yatsa. Wanda bakinsa ya cinye ko ya yi ƙyalli a gefe, a jefar da shi.

Idan na yini ina aiki da ita, da dare sai in riƙa jin ƙugi a kunne, yatsuna kuma suna yin sanyi da tsami. Akwai damuwa?

Akwai, ɗan'uwa, kuma ba ƙarama ba. Ƙarar imfak lokacin bugu takan kusanci desibel 100. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, har a kai 100, inda minti 15 kacal ya rage. A cikin kabad, ko ɗaki rufaffe, ko kan ƙarfe, ƙarar na dawowa kunne ta ƙaru. Ƙugin da kake ji alama ce cewa ƙananan gasun cikin kunne masu ɗaukar sauti sun jigata, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ka sa matoshin kunne na soso: ka murza shi ya sirance, ka ja saman kunnen da ɗaya hannun, ka tura, ka riƙe har ya kumbura. Auduga ba ta tare ƙara yadda ya kamata.

Tsamin yatsu kuwa daga girgiza ne, wadda ke takura jijiyoyi da ƙananan hanyoyin jini. Kada ka damƙe mariƙin kamar zai gudu, ka riƙa hutawa tsakanin aiki, ka huda rami tukuna don bugun ya ragu. In yatsun sun fara yin fari, ko ƙugin ya kwana biyu bai tafi ba, ka ga likita.

Maigidana ya ce kada in sa safar hannu, wani kuma ya ce dole ne. Wa zan bi?

Maigidanka ya fi kusa da gaskiya. Duk abin da ke juyawa yana iya kama zare ya naɗe, kuma safa mai sako-sako tana jan yatsa tare da ita. In aikin na buƙatar safa, kamar ɗaukar kwano mai kaifi, ta zama mai kama hannu tsam, kuma hannun kada ya kusanci bit. Haka hannun riga mai faɗi, da igiyar wuya, da dogon gashi: a naɗe, a ɗaure.

Ina ɗaura kwanon rufi da sukuru mai washa ta roba. Bayan ruwan farko sai wasu wuraren suka fara yoyo, kuma sau biyu na kusa zamewa daga tsani. Ina kuskuren yake?

Yoyon daga wuce gona da iri ne wajen ɗauri. Robar da ke ƙarƙashin kan sukuru ita ce ke toshe ramin. In an ɗaure daidai, za ka ga ta ɗan matsu, gefenta ya leƙo kaɗan a kewayen washar ƙarfe. In an zarce sai ta baje ta fito waje, ko ta tsage, kwanon ya lotsa ya zama ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya. A ƙarfe marar kauri ma zaren yakan cinye ramin, sukuru ya riƙa juyawa a banza. Da yake imfak ba ta tsayawa da kanta, ka sa ta a mafi ƙarancin gudu in tana da matakai, ka saki kunama da jin bugun farko ko na biyu, ka duba robar da ido. Mu dai a ganinmu, ga mai rufi da yawa, na'urar da ke da abin saita zurfi ta fi dacewa da wannan aiki. Ka yi amfani da kan ɗauri mai maganaɗisu, yawanci na milimita 8, domin ya riƙe maka sukuru. Ka share garin ƙarfen da huda ta bari a kan kwano, domin yana tsatsa ya ɓata fenti, yana kuma sa santsi.

Batun tsani ya fi yoyo muhimmanci. Imfak na son a danna ta, mai dannawa a kan tsani kuwa yana tura kansa baya ne. Da bit ya zame, duk nauyinsa ya tafi. A kafa tsani da nisan ƙafa ɗaya daga bango ga kowace ƙafa huɗu ta tsawo, a ɗaure samansa ko wani ya riƙe. Cibiyarka kada ta wuce sandunan gefe. In wurin ya yi nisa, ka sauka ka matsar. Kada ka hau da na'urar a hannu, ka rataye ta a ɗamara da kunama a kulle, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinka. A kan rufin kansa, igiyar kariya da takalmi mai kama ƙasa ba abin sakaci ba ne.

Zan iya kwance notin tayar mota da ita? Zan kuma iya huda bangon kankare in rataye kantar ajiye kaya? Daga wata mai karatu.

'Yar'uwa, duka biyun ba aikinta ba ne. Notin taya na buƙatar babbar 'yar'uwarta mai baki murabba'i na rabin inci. In aka jona soket, wato kan da ke kama noti, da adafta a kan imfak, siririyar adaftar ce ke tsinkewa, kuma soket mai ƙyalli na hannu yana iya tsagewa ya yi tsartuwa. Baƙin soket mai kauri shi aka yi domin bugu. Ɗaurin ƙarshe na taya kuwa da sifana mai auna ƙarfi ake yi, gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa.

Kankare yana son bugu na gaba, imfak kuwa ta gefe take bugu. Ki huda da injin huda mai guduma, ki sa robar bango, sannan ki ɗaure sukuru a hankali. Kafin ki huda, ki lura da makunni da wuraren jona wuta: wayoyi yawanci miƙe suke tafiya daga gare su, sama, ƙasa ko gefe. Ki bi bangon da na'urar gano waya da bututu, ki kashe wutar ɓangaren, ki riƙe na'urar ta wurin robarta kawai.

Batir ɗina yana zafi sosai, ɗaya kuma ya ɗan kumbura. A jikin wani an rubuta 18V, wani 20V. Zan iya haɗa musu caja?

Lambobin nan biyu sau da yawa abu ɗaya suke nufi. A ciki akwai ƙwayoyin litiyam biyar a jere, kowace bolt 3.6, jimla 18. Idan sun cika taf kowace takan kai kusan 4, shi ne 20. Amma wannan bai sa cajar wani kamfani ta dace da batir ɗin wani ba, domin caja da batir suna musayar bayani kan zafi da cika ta ƙananan haƙoran da ke tsakiya. Kowane batir da cajarsa. Jabun batir mai araha sau da yawa nan ne ake tauye shi, a wajen kariyar zafi.

Wanda ya kumbura ya gama aiki. Kada ka caja shi, kada ka huda ko matse shi, kada ka jefa shi cikin shara ko wuta. Ka rufe haƙoransa da salatif na wuta, ka ajiye shi a waje kan siminti ko cikin yashi, nesa da abin da ke kamawa, har ka kai shi inda ake karɓar tsofaffin batura. Haka za ka yi da wanda ya faɗo ya tsage, ko ya sha ruwa, ko yake wari.

Mai lafiyar kuma, in ya fito daga aiki da zafi, ka bar shi ya huce kafin caji. Yawancin kamfanoni suna cewa a caja tsakanin digiri 5 da 40 na ma'aunin Salsiyas, a inuwa, a kan abin da ba ya ci da wuta, ba kan katifa ko tarin garin katako ba, kuma ba a kwana a bar shi a jone. Kada a bar shi cikin mota a rana. Kada a jefa shi tsirara cikin jakar da ke da ƙusoshi da sukurori, domin ƙarfe ɗaya da ya haɗa haƙora biyu ya isa ya tayar da wuta. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a cire shi daga na'urar, a ajiye shi da kamar rabin caji. Idan batir ya fara huci ko hayaƙi, a cire cajar daga bango in ana iya kaiwa ba tare da kusantarsa ba, a fitar da mutane, kada a shaƙi hayaƙin, a kira 'yan kwana-kwana.