In Biya Kuɗin Talla Ko In Ci Gaba da Sa Hotuna Kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida, ina tallatawa a sitatus na WhatsApp da shafina na Instagram. Ciniki ya tsaya a kan waɗanda suka san ni. Ƙawata ta ce in biya Facebook su tallata mini. Me kuke gani? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Dalilin tsayawar cinikin a fili yake. Sitatus ɗinki ba ya isa sai ga wadda ta ajiye lambarki kika ajiye tata, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Kullum mutane ɗaya kike yi wa talla, kuma turaren da suka saya bai ƙare ba tukuna.

Duk da haka kada ki raina wannan hanyar. Ba a shaƙar ƙamshi ta waya. Matar da ta ji humrarki a jikin ƙawarta a gidan biki ta tambayi inda aka saya, ta fi baƙi ɗari da suka ga hoto suka wuce. Ki riƙa neman izinin masu saye ki sa shaidarsu, ki ɗauki bidiyon yadda kike haɗawa.

Shawarata ita ce ki biya, amma kaɗan, kuma a kan hoton da ya riga ya jawo miki ciniki da kansa. Facebook da Instagram da WhatsApp duk na kamfanin Meta ne, don haka za ki iya saita tallan yadda duk wadda ta taɓa shi za ta faɗo kai tsaye cikin WhatsApp ɗinki. Ki taƙaita shi ga mata a garuruwan da kike iya aika kaya cikin sauƙi, kamar Zariya, Kaduna da Kano. Ki tuna a Najeriya ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan kuɗin tallan.

Sai lissafi, wanda nan ne da yawa ke yin asara. A ce kin kashe naira 10,000, mutum 40 suka yi magana, 4 suka saya. Kowace mai saye ta ci miki 2,500 ke nan. Idan ribar kwalba ba ta kai haka ba, ki dakata ki gyara hoto ko farashi, komai yawan masu yabawa.

Sauran 36 ɗin da suka tambayi farashi suka yi shiru, ki ajiye lambobinsu, ki roƙe su su ajiye taki. Gobe za su ga sitatus ɗinki ba tare da kin sake biyan ko kwabo ba.