Kafin ka kafa famfo a garin mutane

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, na jinkirta amsa ne saboda ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce kamfanin da kake wa aiki ya ɗora maka kula da ayyukan tallafa wa ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ma'aikatarku, kuma an ba ka rijiyar burtsatse biyu da gyaran aji uku ka kai wani gari. Abokan aikinka sun ce zuwa gaida dagaci da goro a hannu tsohon yayi ne, wani ma ya kira shi cin hanci. Sannan ka ce abin da ya fi damunka shi ne, a garin da aka yi wa irin wannan aiki bara, ko godiyar kirki ba ku samu ba, famfon ma ya riga ya tsaya. Kana tambaya: me al'ada ta ce?

Zan fara da goron, don shi ne mai sauƙi. Ka je, kuma ka tafi da shi. Babu wanda yake faɗa wa gidan mutane ba sallama, gari kuwa gida ne, dagaci shi ne zaurensa. In garin yana ƙarƙashin hakimin da ke kusa, ka fara ta can, shi zai haɗa ka da ɗan rakiya zuwa wajen dagaci, dagaci kuma ya kira masu unguwanni. Bambancin gaisuwa da toshiyar baki ba ɓoyayye ba ne. Gaisuwa a fili ake ajiye ta, gaban fadawa da liman da duk wanda ke zaune, kafin ka tashi ma an fasa ƙullin an rarraba, har da kai za a miƙo wa ɗaya. Ba ta sayen komai. Wadda ake miƙawa a bayan mota cikin ambulan, a ce "ranka ya daɗe a sa mana hannu a takardar nan", wannan ita ce abokanka suke tsoro, kuma suna da gaskiya. In kana so hankalinka ya kwanta, rubuta kuɗin goron a takardar ofis yadda yake, duk abin da za ka iya rubutawa ka nuna wa maigidanka ba hanci ba ne.

Amma kada ka ɗauka da ka gaida dagaci ka gama da al'ada. Nan ne 'yan boko irinku suke yin kuskure iri biyu: wasu su tsallake zaure gaba ɗaya, wasu kuma su shiga zauren su zauna, ba su taɓa ganin tsakar gida ba. Na biyun ya fi yawa yanzu, kuma ya fi ɓarna.

Bari in ba ka abin da na gani da idona lokacin ina malamin gona. Wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya zo da injin haƙa wani ƙauye da nake zagayawa. Sun gaida mai gari, sun tambaye shi ina za a haƙa, shi kuma bawan Allah ya nuna filin ƙofar gidansa, don a ganinsa nan ne tsakiyar gari. Aka haƙa, aka kafa tuƙa-tuƙa, aka kafa allo mai sunan kamfani wanda ya fi famfon tsawo, manya suka zo aka ɗauki hoto. Abin da ba wanda ya tambaya shi ne, su wa ke ɗiban ruwa? 'Yan mata ne da yara da zawarawa da tsofaffin mata. Ƙofar gidan mai gari kuwa majalisa ce, daga hantsi har magariba maza ne a kan tabarma. Wace budurwa ce za ta zo ta sunkuya tana tuƙa famfo gaban iyayenta maza? Sai suka ci gaba da tafiya tsohuwar rijiyarsu ta bayan gari. Da robar cikin famfon ta cinye, abin da kuɗinsa bai kai na tunkiya ba, haka ya zauna a tsaye har na bar yankin. In ka tambaya, sai a ce maka "ai na kamfani ne, su za su zo su gyara."

Wannan kalmar, "na kamfani ne", ita ce amsar tambayarka ta biyu. A da, rijiya ba ta faɗowa gari daga sama. Dattawa su zauna a ga wurin da ya dace, a kira masu haƙa, kowane gida ya kawo abin da ya sawwaƙa, wani hatsi, wani kuɗi, samari su yi jigilar ƙasa. Haka gyaran hanya bayan damina, haka yaɓen masallacin Juma'a, haka shingen maƙabarta. Ranar gayya mata su dama fura da kunu, makaɗi ya zo yana zuga samari, wanda ya noƙe kuwa ya sha gori har shekara ta zagayo. Kakanka, Allah ya jiƙansa, duk bazara sai ya sa an yashe rijiyar unguwarmu, ba don shi ya haƙa ba, don ubansa yana cikin waɗanda suka ɗauki ƙasarta a ka. Abin da gumin mutum ya shiga, ba ya jiran wani ya zo daga birni ya gyara masa.

Sai dai ka kiyaye, gayya daban, aikin tilas daban. Tsofaffinmu ba su manta da diban gwamna ba, lokacin yaƙin duniya na biyu da aka riƙa kwasar mutane ta hannun sarakuna ana kai su haƙar kuza a Jos, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su a can. Saboda haka in kamfani mai riba ya zo ya ce talakawa su yi leburanci kyauta alhali an riga an ba ɗan kwangila kuɗin leburori, wannan ba gayya ba ce, kuma mutanen ƙauye suna ganewa ko ba su faɗa ba. Abin da nake nufi shi ne a zauna da su tun farko, su faɗi abin da za su ɗauka da bakinsu: wataƙila yashi da tsakuwa, wataƙila katangar da za ta hana dabbobi ɓata wurin, wataƙila ciyar da ma'aikata. Aikin da ake biya kuma a ba 'ya'yan garin.

Batun godiya kuwa, kada ka ji haushin da zan ce ba lalle ne suna binka bashinta ba, kuma ba lalle ne kai kana binsu ba. Ka tambayi kanka tukuna, filin da ma'aikatarku take zaune a kai gonar wa ce a da? Ƙurar da ke sauka kan dawarsu daga ina take? Manyan motocin da suka farfasa hanyar kasuwarsu na wa ne? In amsar ita ce ku, to abin da kuka kai ba sadaka ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne. Ka san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin magada. Wanda aka biya shi haƙƙinsa yakan ce madalla, amma ba ya rusunawa. Kun je ne da fuskar mai kyauta kuna jiran tukwici, su kuma suna kallonku da idon wanda ya kawo kaɗan daga cikin bashi.

Ko dokar ƙasa ma yanzu ta karkata can. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙar ma'adinai ya ƙulla yarjejeniyar raya gari da al'ummar da yake aiki a ƙasarsu kafin ya fara, kuma a sake duba ta duk shekara 5. Dokar man fetur da aka sa wa hannu a 2021 ta ce kamfanonin haƙar mai su riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu na shekara a asusun amana na garuruwan da ke masaukinsu. Mutanen Neja Delta sun ce ya yi kaɗan, an sha muhawara a majalisa, amma dai an yarda da asalin maganar: ba alfarma ba ce. Ka bincika ko akwai irin wannan takarda tsakanin kamfaninku da garin. In akwai, ka sa a karanta ta da Hausa a bainar jama'a, don sau da yawa mutum uku ne kawai a gari suka san abin da ke ciki.

Mu da muka yi aikin gona a wancan zamani ba ma manta Bakolori. An datse kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara da sunan ci gaba, don a yi noman rani, ruwa ya cinye gonaki da gidaje, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi, a 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane, har yau ana saɓani kan adadinsu. Aikin gwamnati ne ba na kamfani irin naku ba, kuma rijiya biyu ba madatsar ruwa ba ce, na sani. Na kawo shi ne don ka ga cewa mutanen da suka zana aikin a takarda sun yi imani alheri suke kawowa.

To yanzu ga yadda zan yi in ni ne kai. Bayan gaisuwar dagaci, in roƙe shi ya tara mini jama'a ranar da ba ta kasuwa ba, kuma ba lokacin shuka ko girbi ba, don a lokacin ba wanda za ka samu sai marasa gona. In saurara fiye da yadda zan yi magana. Kana iya tarar da cewa ba aji suke so ba, ajin yana nan, malami ne babu, ko kuma kwalbati ɗaya a kan rafin da ke yanke su daga asibiti duk watan Agusta ya fi musu komai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan in nemi mace cikin ma'aikatanmu, ko ungozomar garin, ta shiga gidaje ta ji ta bakin mata, don a gaban maza ba za su ce komai ba sai "duk yadda aka yi daidai ne". Kada ka manta da ardo. Rugar da ke gefen gari ita ma ruwan nan za ta sha, in ba a yi wa shanu kwami a gefe ba tun farko, famfon da ka kafa don zaman lafiya shi zai zama wurin faɗa. Ka duba kuma kada a gina komai a kan burtali.

Filin da za a haƙa, a tabbatar an bayar da shi ga jama'a a rubuce, liman da masu unguwa su yi shaida. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, wakafi ne, tun Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. In ba a yi haka ba, ranar da mai filin ya rasu magada za su zagaye rijiyar da katanga su fara sayar da jarka.

Sai maganar gyara, wadda ita ce kowa yake tsallakewa saboda ba a ɗaukar hoto a kanta. Kafin injin haƙa ya bar garin, a san wa ke riƙe da makulli, a san ɗan abin da kowane gida zai riƙa sakawa a asusu, ko da damin gero ne da kaka. Matan da ke riƙe adashe sun fi kowa iya riƙon irin wannan kuɗi, na gwada na gani. A ɗauki saurayi ɗaya ko biyu, irin masu gyaran babur ko injin ban ruwa, a koya musu kwance famfon da ɗaurawa, a nuna musu shagon da ake sayar da kayansa a birni. In mai sola ne da tanki, a yi maganar mai gadi tun yanzu, don faifan sola yana da ƙafa.

Na san maigidanka zai ce duk wannan ɓata lokaci ne, shi rahoton ƙarshen shekara yake jira da hotuna. Ka kai shi garin da kuka yi wa aiki bara ya tsaya gaban famfon da ya mutu, da sunan kamfaninsa a rubuce a kansa, duk mai wucewa kasuwa yana karantawa. In da hali ma, ka roƙa a cire kuɗin gyaran wancan daga cikin na bana, ka fara komawa can ka ba su haƙuri kafin ka shiga sabon gari, domin labarinku ya riga ku isa, ƙauyukan nan kasuwa ɗaya suke ci.

Goron kuma ka sayi fari mai kyau, kada ka bari direba ya zaɓo maka. Ka sa babbar riga, ka cire takalmi tun daga bakin zaure, in an kawo ruwa ka sha ko da kana da na roba a mota. Ranar da za ka je ka biyo ta nan in ba ka sunan wani tsohon abokin aikina da ya zauna a yankin, shi ya san wane mai unguwa ne ba ya ga maciji da wane. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.

Baffanka.